Kare Indararo daga Ganyen Bishiya da Kuɗi Kaɗan

Indararo shi ne bututun da ke fitar da ruwan sama daga saman soro, magudanar rufi kuwa ita ce doguwar kwatar ƙarfe ko roba da ake maƙalawa a bakin kwano domin ta tara ruwa ta kai shi tanki ko ƙasa. Dukansu hanyar toshewarsu ɗaya ce: ganyen darbejiya da na mangwaro su zuba da rani, ƙurar hunturu ta kwanta a kansu, sannan yayyafin farko ya kwaɓa su su zama laka mai nauyi.

Ɓarnar ba ƙarama ba ce, domin ruwan sama na milimita 20 a kan rufi mai murabba'in mita 50 ya kai lita 1,000, kuma idan ya rasa mafita, a soro yakan kwanta ya jiƙa ƙasa har azara ta ruɓe, a rufin kwano kuwa ya tumbatsa ya bi bango, ragowarsa ta zama makwancin sauro.

Maganin da ya fi araha shi ne sassabe rassan da suka yi rumfa a kan rufi kafin damina ta faɗi, sai kuma raga. A nan ne da yawa suke kuskure, domin ragar kaji ramukanta sun yi faɗi, ƙananan ganyen tsamiya suna ratsa ta, ragar taga ta hana sauro kuwa ƙura ce ke liƙe ta, ruwa ya zame ta samanta ya zube. Wadda ta fi dacewa ita ce ragar waya mai ramuka kimanin milimita 5, a yanka ta gwargwadon faɗin magudanar, a cusa gefe ɗaya ƙarƙashin bakin kwano, a ɗaure ɗayan da siririyar waya, a kuma bar ta a karkace yadda busasshen ganye zai zame iska ta kwashe shi. Wanda bai iya sayen mai yawa ba, guntun da ya rage wa kafinta ya isa a dunƙula a sa a bakin bututu, inda toshewar ta fi faruwa.

Raga dai ba ta ɗauke wa mai gida shara. Wajibi ne a hau tsani, wani na riƙe da shi a ƙasa, a kwashe dattin tun yana busasshe a ƙarshen bazara, a sake dubawa a watan Agusta lokacin da ruwa ya fi ƙarfi, musamman a gidan da ke kusa da gawo, wanda shi da damina yake kakkaɓe ganyensa.