Kafin Ka Miƙa Kuɗin Motar Iyali

Yau maganar mota za mu yi, motar hannu ta iyali, irin wadda mutum zai shekara uku yana tara kuɗinta, wani ma sai ya haɗa da adashin uwargida. Ita za ta kai yara makaranta, ita za ta kai mai naƙuda asibiti ƙarfe biyun dare, ita za ta kwashi gida gaba ɗaya zuwa ƙauye da sallah. In ta mutu maka a daji da magariba da yara a ciki, ai ka san maganar ta wuce ta kuɗi.

Abu ɗaya nake so mu riƙe: amincin motar hannu yana wajen yadda aka riƙe ta a baya. Sai ka ga Sienna biyu, shekararsu ɗaya, launinsu ɗaya, ɗaya ta yi maka shekara goma, ɗaya ta zaunar da kai a gareji tun watan farko. Dillali aikinsa ya wanke ya goge ya fesa turare. Kai kuma aikinka ka gano abin da wankin ya rufe.

To fara da lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, za ka gan su a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ƙofarsa. Ka tabbatar sun yi daidai da na takarda. In motar daga Amurka ta zo, da wannan lambar ake sayen rahotonta a intanet, a wurare irin su Carfax, ka ga ko ta taɓa mummunan haɗari, ko ambaliya ta taɓa cinye ta, da tafiyar da mitarta ta nuna kafin a loda ta a jirgi. Nan ne asirin masu juya mita yake tonuwa. Kuma ku lura, mitar motar Amurka mil take ƙirgawa. In ka ga 150,000, kusan kilomita 240,000 ke nan.

Motar da ruwa ya ci ita ce mai kyan ɗan maciji. Jiki lafiya lau, amma wayoyinta suna ruɓewa a hankali. Ɗaga kafet, shinshina. Ja bel ɗin kujera har ƙarshe, duba ko akwai shatin ruwa. Leƙa ƙarƙashin kujera da ramin safayar taya, in ka ga tsatsa ko busasshen taɓo, yi sallama ka wuce.

Sai inji. Don Allah ka je da sassafe, ka ce kada a tayar da ita kafin ka zo, ka taɓa bonet ka ji ko da ɗumi. Inji mai sanyi ba ya iya ɓoye ciwonsa. A tayar, kai kuma ka tsaya a bayan salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi, baƙin mai take sha. Fari mai kauri wanda bai ɗauke ba bayan ta yi zafi, ruwa ne ke shiga inji, galibi gasket ya ƙone. Baƙi kuwa, fetur take zubarwa fiye da kima. Buɗe murfin baƙin mai, in ka ga wani abu kamar madarar da aka dama da shayi, ruwa da mai sun haɗu.

Yanzu fitilun dashbod. Idan ka murɗa makulli ba ka tayar ba, dole fitilar inji da ta jakar iska da ta ABS su kama, sannan su mutu bayan an tayar. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila an cire ƙwanta ne ko an rufe ta. Shi ya sa ake jona mata na'urar bincike. Duk motar da aka yi wa kasuwar Amurka daga 1996 tana da wurin jonawa a ƙarƙashin sitiyari, kuma na'urar tana iya nuna cewa ba a daɗe da goge matsalolin ba.

Kada ka yarda da zagayen layi ɗaya. Tuƙa ta aƙalla minti ashirin, da esi a kunne, a cunkoso da kuma buɗaɗɗen titi. Idonka na kan allurar zafi. Ji yadda giya ke shiga: in tana jinkiri ko tana dukan ka, gyaran giya ba ƙaramin kuɗi ba ne. Taka burki, ji ko tana fizga gefe ɗaya. Bayan nan a hau da ita rami a leƙa ƙasa: yoyon mai, walda a shasi, da kuma wannan tukunyar salansa da makanikai ke kira indomi, don ana yawan cire ta a sayar.

Taya ma tana da ranar haihuwa. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan DOT su ne mako da shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Taya tana iya zama da zane mai kyau alhali ta tsufa ta bushe, kuma zafin kwaltarmu ba ya raga wa irin wannan.

Ka san injin da kake saya. Misali, Sienna ta 2004 zuwa 2006 bel ne ke haɗa lokacin injinta, kuma bel ana canza shi. Daga 2007 sarƙa ce. In mai bel ce, tambayi yaushe aka canza. In ba wanda ya sani, ka sa kuɗin canjin cikin cinikin. Sannan kafin ka biya, shiga Ƙofar Ruwa in kana Kano, ko Panteka in kana Kaduna, ka tambayi farashin kayanta. Motar da sai an yi odar kayanta daga Legas, ko makanikin garinku bai taɓa buɗe irinta ba, za ta wahalar da kai ko da lafiyarta ƙalau yau.

Takardu kuma ba a yi musu kara. Takardar kwastan, shaidar mallaka, da rubutacciyar yarjejeniya da shaidu. A tantance ta kwastan ɗin a ofishinsu, don ta jabu tana yawo, kuma ranar da aka tare ka a hanya dillali ba ya wurin.

Na ƙarshe, ka zo da makanikinka, kai za ka biya shi, ba wanda dillali ya kira ba. Kuma duk mai motar da ya ce ba za a jona na'ura ba, ko ya ce yi sauri akwai wani Alhaji da ke hanya da kuɗi, to ka bar wa Alhajin. Mota ba ta ƙarewa a kasuwa, kuɗin da ka tara ne in suka tafi sai an sake shekaru.

Matasa, mu ne ake turawa mu dubo wa iyayenmu da yayyenmu mota saboda an ce mun yi boko. To mu dubo da ilimi. Ku tura wa wanda kuka san yana shirin saye. Sai mun haɗu a shiri na gaba, a huta lafiya.