Domenico Modugno: Mawaƙin Da Ya Ɓoye Garinsu Kafin Duniya Ta San Shi

Duk wanda ya saba sauraron rediyon ƙasashen waje, da wuya a ce waƙar nan da ake kira Volare ba ta taɓa shiga kunnensa ba. Mutumin da ya yi ta shi ne Domenico Modugno (ana faɗin sunan Modunyo), wani ɗan ƙauye daga kudancin Italiya, wanda neman abinci ya sa shi ɓoye asalinsa shekara da shekaru.

An haife shi ne ranar 9 ga Janairu, 1928 a Polignano a Mare, wani ɗan gari na bakin teku a lardin Puglia. Yana yaro iyayensa suka ƙaura zuwa San Pietro Vernotico, inda mahaifinsa ke aikin shugabancin 'yan dokar gari. A can ya koyi kaɗa jita, a can kuma bakinsa ya kama karin harshen mutanen yankin, wanda ya sha bamban da Italiyancin makaranta da na rediyo. A wancan zamani kudancin Italiya ƙasar talauci ce, samarinta sai su nufi arewa ci-rani. Shi ma haka ya yi. Ya je birnin Turin, ya yi aikin kai wa mutane abinci a gidan cin abinci da kuma facin taya. Daga bisani ya shiga makarantar koyon wasan sinima a Roma.

Da ya fara waƙa a rediyo a farkon shekarun 1950, ba da Italiyancin birni ya fara ba. Da karin ƙauyensu yake yi, kuma masunta da manoma da masu haƙar ma'adinai su ne mutanen cikin waƙoƙinsa. A cikinsu akwai Lu pisce spada, labarin wani namijin kifi mai baki kamar takobi, wanda masunta suka soke matarsa, shi kuwa ya ƙi gudu har ya mutu tare da ita. To, karin nan nasu ya yi kama da na tsibirin Sisili, wanda ya fi suna a wajen jama'a. Sai masu sauraro suka ɗauka shi mutumin Sisili ne, shi kuma ya ga kasuwa ta buɗe, bai musa ba. Wannan abu ya yi wa mutanen mahaifarsa ciwo ƙwarai, suka riƙe shi a zuci.

Tauraronsa ya haska ne a 1958, a gasar waƙoƙi ta Sanremo wadda ake yi duk shekara. Ya shiga da waƙar da suka rubuta shi da abokinsa Franco Migliacci, mai suna Nel blu, dipinto di blu, wadda duniya ta fi sani da Volare. Labarin wani mutum ne da ya yi mafarki ya shafe hannuwansa da fuskarsa da shuɗi, ya tashi sama. Kafin wannan rana, mawaƙan Italiya kan tsaya ƙiƙam ne a gaban abin magana, hannu a ƙirji, suna waƙar hawaye. Modugno kuwa da ya zo amshi sai ya ware hannuwansa biyu kamar tsuntsu. Ya cinye gasar. Ƙasar ta fara farfaɗowa daga ɓarnar yaƙin duniya na biyu ke nan, masana'antu na buɗewa, sai jama'a suka ji waƙar tamkar da su take.

A gasar ƙasashen Turai ta wannan shekara na uku kawai ta zo, amma a Amurka sai da ta yi mako 5 tana kan gaba a jerin faifan da aka fi so. A 1959, karon farko da aka raba lambobin Grammy, ita ta ɗauki na faifan shekara da na waƙar shekara, alhali da Italiyanci aka rera ta. Ya sake cinye Sanremo a 1959 da 1962 da 1966, sau huɗu ke nan.

Duk da haka hankalinsa bai bar talakawan kudu ba. A farkon shekarun 1970 ya fitar da Amara terra mia, wadda ya gina a kan wata tsohuwar waƙar manoma. Kukan mutumin da ya bar gida ne saboda ƙasar da yake ƙauna ta kasa ciyar da shi. Miliyoyin 'yan kudu da ke aikin ƙarfi a Jamus da Beljiyam da Amurka sun san wannan ciwo.

A 1984 ciwon shanyewar ɓarin jiki ya buge shi yana cikin ɗaukar shirin talabijin. Bai kwanta ba. A 1987 aka zaɓe shi ɗan majalisa a ƙarƙashin jam'iyyar Radicale, ya mai da kansa bakin naƙasassu. Ya tona irin wulaƙancin da ake yi wa marasa lafiya a asibitin masu taɓin hankali na Agrigento, har ya je ya yi waƙa dominsu a 1989.

A watan Agusta na 1993 ya koma Polignano, ya tsaya gaban dubban jama'a ya nemi gafarar mutanen garinsu, ya ce neman abin sawa a baki ne ya sa shi ara asalin da ba nasa ba. Suka yafe masa. A 2009 suka kafa masa mutum-mutumi na tagulla a bakin teku, hannuwa a ware.

Ya rasu ranar 6 ga Agusta, 1994 yana da shekara 66, a gidansa da ke tsibirin Lampedusa, wanda ya fi kusa da Tunisiya a kan Sisili. A shekarun da suka biyo baya, wannan tsibiri ne ya zama masaukin 'yan Afirka masu tsallaka teku cikin kwale-kwale, da yawansu ta Agadas suka ratsa hamada. Ranar 3 ga Oktoba, 2013 wani jirgin ruwa ya nutse kusa da gaɓar da gidansa yake, mutum fiye da 360 suka halaka. Abin da ya raba su da gida, shi ne ya raba Modugno da ƙauyensu tun yana saurayi.