Gida a Abuja, Aiki a Legas: Wa Zai Kula da 'Yan Haya?

Tun da gwamnatin Obasanjo ta fara sayar da gidajenta na Abuja a 2005, ma'aikata da dama suka mallaki muhalli. Matsalar takan taso ranar da aka yi wa mai gida canjin wurin aiki, ya zuba 'yan haya.

Wasu kan danƙa makullai ga ɗan'uwa, amma kunya kan hana shi matsa wa mai jinkirin biya. Kamfani mai rajista da hukumar ESVARBON zai tantance ɗan haya, ya kula da gyare-gyare, ya kuma bi doka: mai biyan shekara-shekara sai an ba shi wa'adin wata 6 kafin ya tashi, sai dai in yarjejeniya ta tanadi wani abu daban.

A rubuta ladan kamfanin tun farko, kuɗin haya kuwa ya riƙa shiga asusun mai gida kai-tsaye.