Yaran Da Suke Kallo Ana Dukan Uwarsu

Da kaka, in an sayar da gyaɗa ko masara kuɗi ya shigo hannu, a lokacin ne faɗa yakan yi yawa a waɗansu gidajenmu, balle in maigida ya biya ta gidan burukutu. In abin ya kai ga duka, dattawan ikkilisiya sukan zo su sulhunta miji da mata, a yi addu'a, kowa ya tashi. Yaran da suka raɓe a bayan rumbu suna kallo kuwa, ba mai tambayarsu kome.

Ma'aikatan jin daɗin jama'a sun daɗe da gane cewa yaron da ya ga ana dukan uwarsa ya ji ciwo, ko da sanda ba ta taɓa shi ba. Wani yakan koma fitsarin kwance bayan ya daina. Wani yakan yi ta gyangyaɗi a aji domin bai runtsa ba da dare. Wani kuma a kan ƙannensa ko awaki yake hucewa, mu kuwa mu ce taurin kai ne, mu ƙara masa bulala.

Ga yadda ma'aikaciya takan yi. Ba ta tambayar yaro a gaban ubansa, ba ta kuwa mai da shi shaida tsakanin iyayensa. Takan zauna da shi a inuwa, watakila suna ɓarar gyaɗa, ta bar shi ya yi magana a hankali. In ƙarami ne, takan ce ya zana gidansu a ƙasa. Abu na fari da take gaya masa shi ne ba laifinsa ba ne, gama yara da yawa suna tsammani su ne suka jawo faɗan. Sa'an nan su shirya inda zai gudu in rikici ya tashi da dare, ko gidan kakarsa ko wurin matar mai bishara, kada ya shiga tsakani. In ta ga ransa yana cikin hatsari, ba ta rufe asirin.

Hukuma ma tana da hannu a ciki. Nijeriya ta yi Dokar Haƙƙin Yara a 2003, da dokar hana cin zarafin mutane a 2015. Ya kamata kowace ƙungiyar manoma ta zaɓi mata biyu daga zumuntar mata, su san ofishin jin daɗin jama'a na ƙaramar hukumarsu tun wahala ba ta zo ba. Ran rabon kuɗin amfani kuma, macen da ta yi aiki a gonar ƙungiya a danƙa mata nata a hannunta.