Botnick, Wakilin Yahudawa Da Ya Kara Da 'Yan Klan

Cikin watan Satumba na 1973, 'yan sandan birnin New Orleans na ƙasar Amurka suka tare wata mota da daddare a kan gadar tafkin Pontchartrain. Da suka bincika sai ga bindigogi, da bam mai agogo, da taswirar da ke nuna hanyar gidan wani mutum. Mai tuƙin shi ne Byron De La Beckwith, wanda ake tuhuma da kashe Medgar Evers, jagoran baƙar fata, a 1963. Mai gidan kuwa sunansa A. I. Botnick.

To, wane ne Botnick, me kuma ya yi har ake nemansa da bam?

An haife shi a New Orleans a 1924, ya kuma yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu. Daga baya ya shiga aikin Anti-Defamation League, wato ƙungiyar da Yahudawan Amurka suka kafa a 1913 don yaƙi da masu ɓata musu suna. A 1964 aka ba shi shugabancin ofishinta na New Orleans, mai kula da jihohin Luwiziyana da Misisipi da Akansas. Aikin irin wannan ofis a bisa al'ada shi ne tara labari a kan masu ƙin jinin Yahudawa, da rubuta takardun ƙara, da ganawa da hukuma. Amma shekarar da ya kama aiki ita ce 'yan ƙungiyar asirin nan ta Ku Klux Klan suka kashe samari uku masu neman wa baƙar fata 'yancin jefa ƙuri'a a Misisipi. Biyu daga cikinsu, Goodman da Schwerner, Yahudawa ne. Na ukun, Chaney, baƙar fata ne.

Yahudawan Misisipi ba su da yawa, galibi 'yan kasuwa ne, kuma da damansu sun zaɓi yin shiru don gudun fushin maƙwabtansu Turawa. Shirun bai cece su ba. A watan Satumba na 1967 aka tashi majami'arsu ta Jackson da bam. Bayan wata biyu aka kai wa gidan malaminsu, Perry Nussbaum, irin wannan hari. A watan Mayu na 1968 kuma aka tashi majami'ar Meridian.

A nan ne Botnick ya ɗauki matakin da ya bi shi har ƙarshen ransa. Ya shiga gaba wajen tara kuɗi a wurin Yahudawan garuruwan nan biyu, aka kuma haɗa kai da hukumar bincike ta FBI da 'yan sandan Meridian, aka sayi bakin wasu 'yan Klan biyu, wa da ƙane, Raymond da Alton Wayne Roberts. Su ne suka shirya a aiko masu dasa bam gidan wani ɗan kasuwa Bayahude, Meyer Davidson, alhali 'yan sanda na laɓe.

Ran 30 ga Yuni, 1968, kafin asuba, Thomas Tarrants ya iso da nakiya. Aka buɗe wuta. Shi ya sha harsasai amma ya rayu. Wadda ke tare da shi a motar, Kathy Ainsworth, malamar makarantar yara ce kuma 'yar Klan, nan take ta mutu. Ba ita aka yi tsammani ba, wani namiji ake jira. An kuma raunata ɗan sanda guda da wani maƙwabci.

Daga ranar hare-haren bam a kan Yahudawan Misisipi suka tsaya. Sai dai a 1970 wani ɗan jarida, Jack Nelson na jaridar Los Angeles Times, ya tono yadda aka ƙulla abin, ya ce an biya 'yan'uwan nan dala 36,500. Abin da ya fi ci wa mutane rai shi ne, Alton Wayne Roberts yana cikin waɗanda kotu ta samu da laifi a 1967 a shari'ar kisan samarin nan uku, yana waje ne kawai saboda ya ɗaukaka ƙara. Wato kuɗin Yahudawa ya shiga aljihun wanda ke da hannu a jinin 'ya'yansu.

Masu suka suka ce wannan ai tarkon kisa ne, ba na kamu ba, kuma bai dace ƙungiyar kare haƙƙi ta biya a jawo mutum ya aikata laifi ba. Maganarsu tana da nauyi. Amma wanda bai taɓa kwana yana jiran ƙarar bam a ƙofar gidansa ba, ya yi a hankali wajen yanke hukunci. Mutanen nan sun yi wata tara ana kai musu hari ba a hukunta kowa ba.

Su dai 'yan Klan ba su manta ba, abin da ya kawo Beckwith ke nan bayan shekara biyar. Kotun tarayya ta sallame shi, amma ta jihar Luwiziyana ta ɗaure shi, ya zauna a kurkukun Angola daga 1977 zuwa 1980. Sai a 1994 aka same shi da laifin kashe Evers.

Tarrants ya tuba a kurkuku, aka sake shi a 1976, ya zama mai wa'azin Kirista yana tsine wa wariyar launin fata. Botnick kuwa ya riƙe ofishinsa har 1992, ya rasu a 1995.