ADIRESHIN INTANET DA LITTAFIN KAMFANI: ABIN DA YA KAMATA KOWANE MAI GIDA YA SANI

Tun daga shekara ta 2011 da aka kafa Jami'ar Tarayya a Dutsin-Ma, masu aiki da intanet sai ƙaruwa suke yi a garin da kewayensa, har zuwa Kurfi. Malamai da ɗalibai da 'yan kasuwa duk sun rungume ta, ta shiga gidaje ta hanyar wayar hannu da ƙananan na'urori masu raba ta ga iyali. Amma kaɗan ne suka san duk wanda ya shiga intanet akan ba shi lamba, akwai kuma littafin da ake rubuta sunan wanda aka ba. An shirya wannan takarda domin jama'a su san yadda abin yake.

MENE NE ADIRESHIN INTANET?

Kamar yadda wasiƙa ba ta isa sai da adireshi, haka saƙon intanet ba ya samun hanya sai da lamba. Wannan lamba ita ake kira adireshin intanet. A tsohon tsari, wanda har yau ake aiki da shi, lambobi huɗu ne a jere da ɗigo a tsakaninsu, kowace tana tsakanin 0 da 255. Rabon nahiyar Afirka yana hannun wata hukuma mai suna AFRINIC, wadda ke tsibirin Morishus, aka kuma amince da ita a 2005. Ita ke ba kamfanonin sadarwa, su kuwa su ba masu hulɗa da su.

Adireshin wannan tsari bai wuce wajen biliyan 4.3 ba, mutanen duniya kuwa sun fi haka nesa. A watan Fabrairu na 2011 babbar ma'ajiyarsu ta duniya ta ƙare. Saboda haka galibi ba a ba mai gida adireshi ya zama nasa, aronsa ake ba shi. Yau yana hannun wani a Dutsin-Ma, gobe yana hannun wani a wani gari. Sau da yawa ma mutane masu yawa ke tarayya a kan adireshi guda a lokaci ɗaya, kamfani ya bambanta su da wata ƙarin lamba.

Misalin wannan kamar masauki ne. In aka ce mutumin ɗaki na 5 ya yi ɓarna, ba a san kowa ba tukuna, gama baƙi da yawa sun kwana a ɗakin. Sai an faɗi rana da sa'a, sa'an nan a buɗe littafin mai masauki a ga sunan. To, littafin kamfani ke nan.

ABIN DA DOKA TA CE

Sashe na 38 na Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ya wajabta wa kamfani ya ajiye bayanan mai hulɗa da shi, da na zirga-zirgar saƙonninsa, har shekara 2. Bayanan zirga-zirga su ne inda saƙo ya fito, da inda ya nufa, da rana da lokaci, da girmansa. In hukumar da doka ta ba iko ta nema, lalle ne kamfani ya miƙa. Wanda ya saɓa wa sashen ana iya ɗaure shi har shekara 3, ko a ci shi tarar da ba ta wuce Naira miliyan 7 ba, ko a haɗa masa duka biyu.

Sunan da ke cikin littafin kuwa daga rajistar layi yake fitowa. Hukumar Sadarwa ta Nijeriya, watau NCC, ta kafa ƙa'idar rajistar layukan waya a 2011. A watan Disamba na 2020 Gwamnatin Tarayya ta ba da umurni a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, watau NIN. Ta haka adireshi ke kai wa ga layi, layi kuma ya kai ga mutum.

HAƘƘIN MAI GIDA

Kada a zaci littafin a buɗe yake ga kowa. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin mutum da na gidansa da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Dokar 2015 ita kanta ta hana a yi amfani da bayanan sai ta halattacciyar hanya. Dokar Kare Bayanan Mutane ta 2023 kuma ta ba mutum ikon ya tambayi kamfani abin da ya ajiye game da shi, ya sa a gyara kuskure, in bai gamsu ba ya kai kuka ga hukumar da dokar ta kafa.

INDA HAƊARIN YAKE

Littafi gida yake nunawa, ba ya nuna hannun da ya aikata. In wani ya ari layin mai gida, ko ya shiga intanet ɗinsa, ya yi zamba ko ya aika da barazana, sunan mai gida za a fara tararwa. Ko da gaskiya ta fito daga baya, ya riga ya sha tambaya, ya ɓata kwanaki, maƙwabta kuma sun yi ta tsegumi. Rigakafi ya fi magani. Saboda haka:

1. Kada mutum ya sayi layin da aka riga aka yi wa rajista da sunan wani.

2. Kada ya yi wa wani rajista da lambarsa ta NIN, kome kusancinsu.

3. In waya ko layi ya ɓace, a sanar da kamfani nan da nan a rufe shi, a kuma rubuta ranar.

4. A sa wa na'urar intanet ta gida kalmar sirri, a sake ta duk lokacin da baƙo ko ɗan haya ya tashi.

5. Mai ba ɗalibai hayar ɗakuna tare da intanet, da mai shagon intanet, su ajiye nasu littafi na suna da rana.

Ana roƙon dagatai da masu unguwanni da limamai su karanta wa jama'arsu wannan takarda, wanda ya ji kuma ya gaya wa wanda bai ji ba.