Bitar lissafi da gaskatawa da awo: darasi daga gadar Millennium ta Landan

1. Gabatarwa

A wajen fassara rubuce-rubucen fasaha daga Faransanci zuwa Hausa, sau da yawa muna ganin an bai wa kalmomin vérification da validation ma'ana guda, wato «tabbatarwa». Ga injiniya kuwa aiki biyu ne daban. Kafin a gina gada, yakan siffanta ta da lissafi: nauyinta, ƙarfinta, da yadda za ta motsa idan aka ɗora mata kaya. Wannan siffa ita ce modèle, mu kuma za mu kira ta «kwatancin lissafi». Vérification ita ce duba ko an yi lissafin babu kuskure. Mun kira ta «bitar lissafi». Validation ita ce gwada kwatancin da abin da aka auna a jikin ginin kansa. Mun kira ta «gaskatawa da awo». Misalin da ke biye zai nuna dalilin raba su.

2. Abin da ya faru

Gadar Millennium gada ce ta masu tafiya da ƙafa a kan kogin Thames, tsawonta kimanin mita 325, kuma kamfanin Arup ne ya yi lissafinta. An buɗe ta ranar 10 ga Yuni 2000. Da jama'a suka cika ta, har mutum kusan 2000 a lokaci guda, sai ta shiga lilo dama da hagu, kimanin santimita 7. Bayan kwana biyu aka rufe ta.

Abin lura shi ne, ƙa'idodin gini na lokacin sun fi kula da girgizar sama da ƙasa da taku ke haddasawa. Kwatancin bai ƙunshi yadda taron mutane ke tura gada ta gefe ba. Ko sau nawa aka yi bitar lissafi, ba za ta gano abin da tun farko ba a saka cikinsa ba.

3. Abin da awo ya nuna

Mai tafiya yakan yi taku kimanin biyu a daƙiƙa, ke nan jikinsa yakan karkata dama ya dawo hagu sau ɗaya a daƙiƙa. Wasu sassan gadar kuma da wannan saurin suke lilo bisa ɗabi'arsu. A watan Disamba 2000 injiniyoyi suka liƙa na'urorin awo a jikinta, suka riƙa ƙara yawan masu tafiya rukuni-rukuni. A sashen arewa, motsin bai taka kara ya karya ba sai da mutane suka haura 160. Daga nan ya hauhawa nan take.

Awon ya bayyana dalili: idan daɓen gada ya motsa, mai tafiya yakan gyara takunsa don kada ya faɗi, gyaran nan kuma ƙara tura gadar yake yi. Ƙarfin turin yana ƙaruwa daidai da saurin lilon. Da aka shigar da wannan cikin kwatancin, sai aka san irin gyaran da ya dace: an sanya na'urorin shanye girgiza 89, 37 don motsin gefe, 52 don na sama da ƙasa. Ba a tsaya ga sabon lissafin ba. A watan Janairu 2002 an sake gwaji da mutum kimanin 2000 kafin a buɗe gadar a Fabrairu.

Ba ita kaɗai ba ce: gadar Solférino ta birnin Paris ta yi irin wannan lilo lokacin buɗe ta a Disamba 1999, ita ma aka rufe ta.

4. Kammalawa

Idan mai fassara ya rubuta «an tabbatar da ƙarfin gada», mai karatu ba zai san ko lissafi kawai aka duba ko ginin aka auna ba, alhali a kan na biyun ne ake dogara wajen barin jama'a su hau. Saboda haka muke ba da shawarar a riƙa raba kalmomin biyu cikin ƙamus ɗin fasaha da littattafan koyar da sana'a.